Mai Rubuta Bayanin Taro

Ni ne na ƙarshen tebur, dab da ƙofa,
wanda ba a neman ra'ayinsa, sai dai a ce: Ladan, ka rubuta?
Na rubuta.

Ƙarfe sha ɗaya, watan Afrilu, Sakkwato na dahuwa.
Fanka ta juya sau uku ta tsaya, an ɗauke wuta.
Mutum goma sha huɗu sun zauna
za su yanka wa shekaru ashirin masu zuwa riga,
ba wanda ya auna kafaɗarsu.

Farfesa Modi ya ce a ƙara tsangaya uku.
Na rubuta.
Ma'aji ya yi tari, ya ce, da wane aljihu?
Wannan ma na rubuta, da ƙananan baƙaƙe.
Wani ya ce a kai reshe Tambuwal, wani ya ce Gwadabawa ta riga,
aka yi rabin awa ana jan taswirar jiha
kamar fatar jar akuya a hannun majema,
kowa na son gefen da ba tabo.

Sai Dakta Kulu, da ko ruwan gorarta ba ta buɗe ba,
ta ce: Jiya na koyar da ɗalibi ɗari huɗu
a ɗakin mutum ɗari da ashirin.
Na baya ta taga suke leƙe, suna karanta leɓena.
Ɗakin gwajinmu famfo tara ne, ba ɗaya da ke ɗiga.
Kafin mu sake haihuwa, mu yaye na goye.

Shiru.
Shugaba ya dube ni ta saman tabarau.
Ban gane nufinsa ba, don haka na rubuta.

Abin da ba su sani ba,
ƙafar teburin nan ta hagu gajera ce,
kuma abin da aka tokare ta da shi
kundin wancan shirin ne, mai koren bango.
Ni na buga shi da tafireta, shafi ɗari biyu da shida,
ina saurayi, ko gemu ban tara ba.
Gara ta ci babin kuɗi, ta bar gabatarwa.

Duk da haka ba zan ce aikin banza ba ne.
Shafi na tamanin ya zama ɗakin kwanan ɗalibai mata,
a nan ƙanwata Luba ta yi shekara uku,
yau ita ke karɓar haihuwa a Goronyo.
Shafi ɗaya cikin ɗari biyu.
Na ga gonar da ta yi abin da bai kai haka ba,
kuma mai ita ya koma da damina.

Da yamma na bi ta bakin Rima a kan babur,
jakata a wuya, shekaru ashirin a cikinta,
ba su kai nauyin mudun gero ba.
Jikata Inno, 'yar aji biyu, ta tare ni a zaure:
Baba, mi kunka yi yau?
Na ce, makaranta munka gina maki.
Ta ce, tana ina?
Na nuna jaka. Ta leƙa,
ta ce, ba ta da ƙofa.

Bayan isha aka aiko mini da 'yar takarda:
a taƙaita maganar Dakta Kulu.
Na taƙaita. Na cire waƙafi biyu.

Gobe kafin su iso zan biya wajen kafinta
in karɓo guntun katako, tsawon yatsa huɗu,
in durƙusa, in tokare tebur,
in zaro koren kundin nan, in kaɗe shi,
in ajiye gaban kujerar shugaba,
kusa da ruwansa.
Sannan in koma dab da ƙofa
in buɗe alƙalami.